Fatsa a Garin da Babu Gulbi

Wata safiyar Laraba cikin watan Muharram, shekara biyu bayan an gama yaƙin Turawa, ina tsaye a lungun gidanmu a unguwar Tandabawi ta Makka da gora mai tsawona biyu a hannu, ina jefa ƙugiya cikin daron ruwan wanki. Shekarata goma sha ɗaya. Daron yana can taku goma daga inda nake, kakana kuma yana zaune kan buzunsa a jikin bango, ya karkata kunne don ya ji inda ƙugiyar za ta sauka, domin a lokacin idanunsa sun riga sun dushe. Na ja gorar baya da ƙarfi, na wurgo gaba, sai na ji igiya ta yi nauyi. Ashe hular Ammi Sule mai ruwa na kamo, yana hawowa da garwa biyu a kan sanda. Hula ta tashi sama ta faɗa cikin daro, shi kuwa ya tsaya da kansa ƙwal yana salati. Matan lungu suka yi ta dariya har da riƙe ciki, wata ta ce yau dai Sarkin Ruwa ya yi kamu, a ɗora tukunya. Ban yi dariya ba, kunya kuma ba ta kama ni ba. Na tsamo hular na matse, na miƙa masa tare da ban haƙuri, na koma inda nake na sake jefawa.

Sarkin Ruwa shi ne sunan da unguwa ta laƙaba wa kakana, ba kuwa don girmamawa ba. Makka gari ne na dutse da rana, ruwan da muke sha ma sai an hawo da shi a kafaɗa zuwa ɗakunanmu na katako da fasassun garewani da ke manne a jikin tsauni. A irin wannan gari, tsohon da ke kwana da gwangwanin ƙugiyoyi ƙarƙashin matashinsa dole a ce kansa ya taɓu. Amma shi masunci ne ɗan masunta daga ƙasar Kabi. Da ƙafa ya baro gida da niyyar aikin hajji, ya ratsa Chadi, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya yi shekara bakwai yana tuƙa wa wani Bature kwalekwale a kogin Nilu. A wurin Baturen ya ga abin da bai taɓa gani ba: mutum yana fatsa babu tana, babu tuwo, babu hanjin kaza a bakin ƙugiya, sai gashin tsuntsu da zare. Ya ce wata uku ya yi yana yi wa mutumin dariya a ɓoye, har ranar da kifin tsage ya yi tsalle ya cafke gashin a gaban idonsa. Daga nan ya daina dariya ya fara kallon hannu. Abin da Baturen yake saya daga ƙasarsu, shi ya koyi haɗa shi da abin da ke kusa, ya sa masa suna ƙudan ƙarya.

Cikin jikokinsa shida ni kaɗai na damu da gwangwanin nan. Yayyena maza suna bin Baba dakon kayan alhazai, kuma ba sa son a gan su kusa da abin da ake yi wa gidanmu dariya a kansa. Ni kuwa tun ina ƙarama in aka ce bari, to an ce yi. Kaka yana kirana Uwargida, irin wasan kaka da jika, ni kuma ina ce masa tsohon mijin da ko kifi ɗaya bai taɓa kawo cefane ba. In na gama shara da wanke-wanke na tankaɗe garin tuwo, sai in zauna gabansa ya buɗe gwangwani. Ya koya mini gasa allura a garwashi in lanƙwasa ta ta zama ƙugiya, da murza izgar doki ta zama igiya, kauri a gindi, siriri a baki, don nauyin igiyar ne ke kai ƙuda inda ake so, shi ƙudan ba shi da nauyin komai. Ya koya mini shafa kakin zuma a zare, da naɗa gashin wuyan zakara a jikin ƙugiya har ya miƙe kamar ƙafafun ƙwaro. Da yatsa yake duba aikina. In ya shafa ya ji ƙulli ya yi gefe, sai ya warware ya miƙo mini, ni kuma in yi ta ƙunƙuni ina sakewa.

Jifa ta fi ɗauri ba ni wuya, saboda gaggawa. Dokarsa ita ce in ja gora baya, in tsaya in ce Bismillahi igiya ta miƙe a bayana, sannan in sako gaba a hankali kamar mai yarfe ruwa daga tsintsiya. Ni kuwa kullum sai in haɗiye rabin Bismillahin. Na kama mayafina, na kama shanyar maƙwabta, sau ɗaya na kama kunnena har Inna ta cire da reza tana faɗa. A cikin gwangwanin akwai ƙuda mai kama da fara, ruwan ƙasa, wanda ke yawo a saman ruwa. Akwai mai fiffike kamar shinge, na bayan ruwan sama. Akwai kuma wani fari dogo maras fasali, wanda Kaka ya ɗaura bayan hannunsa ya fara rawa, ya ce ɗan kifi ne. Wannan na tsana. In na tambaye shi wanne ya fi kyau, amsarsa ɗaya ce: "Ba ke za ki ci ba, Uwargida. Ki tambayi ruwa." Nakan ce masa na tambayi daro, ya ce sabulu yake so.

Inna tana sayar da alkama a tire a hanyar Harami, irin wadda alhazai ke saya su watsa wa tantabaru don neman lada. Da wannan tiren take rufa mana asiri a watannin da dako ya yi ƙasa. Ina raka ta in ɗaura alkamar a ƙananan ƙunshi, idona kuwa yana kan tantabarun. Wuyansu yana ƙyalli, kore da shuɗi, in rana ta haske shi, kuma na ƙudura a raina cewa ƙudan da aka ɗaura da wannan gashi babu kifin da zai wuce shi. Zakarun unguwarmu duk na riga na tsiyata su. Sai na fara tsintar gashin da ya zuba a ƙasa bayan tantabaru sun tashi, ina ƙullewa a bakin zanena. Duk ɗan Makka ya san tsuntsun Harami ba a kama shi, ba a jifansa, ko korarsa daga inuwa ba a yi. Ni ma na sani, shi ya sa ban taɓa kai hannu jikin ko ɗaya ba. Abin da ban yi tunani ba shi ne yadda ƙullin gashi zai yi kama a idon wanda bai ga inda aka samo shi ba.

Kwana uku bayan zancen hular Ammi Sule, ƙullin ya kwance a gaban Gwaggo Asabe, wadda tirenta ke kusa da na Inna. Aka yi rashin sa'a akwai wata tantabara mai saɓaɓɓen wuya da ke ɗingishi a wurin tun safe. Gwaggo Asabe ta dubi gashin, ta dubi tsuntsuwar, ta dafe ƙirji. Kafin la'asar magana ta riga mu hawa tsauni: jikar Sarkin Ruwa tana fige tantabarun Harami da ransu, tsohon yana haɗa tsafi da gashin. Matan da ke sayar da alkama suka ce wa Inna kada ta sake shimfiɗa tire a tsakaninsu sai an wanke maganar, don kada askar, wato 'yan doka, su kore su gaba ɗaya. Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka a gaban mutane ba sai ran nan. Baba ya dawo bai ko sha ruwa ba ya kama hannuna, ya ɗauki gwangwanin, Kaka na biye da mu yana laluben bango, muka nufi zauren Malam Ɗahiru, limamin unguwa. Haushi ya fi tsoro yawa a cikina.

Zauren ya cika da maza, mata suna leƙe daga bakin ƙofa. Baba ya ce in durƙusa in nemi gafara a wuce wurin. Na durƙusa saboda manya, amma gafara na ce ba zan nema ba, don ban yi ba. Yarinya ba ta musu da ubanta a zaure, na san wannan, kuma na san bulalar da ke jirana a gida.

"Ya bint, ke yarinya, ki ji tsoron Allah," in ji Malam. "Kin taɓa tsuntsun?"

"Wallahi ban taɓa ba, Malam. Abin da ya zubar na tsinta. A duba gindin gashin, in an ga jini a yanke mini hannu."

Malam ya sa aka kawo ƙullin. Ya ɗauki gashin ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa a haske, duk busassu ne, wasu har da ƙurar takalmi. Ya tambayi me ake yi da su. Maimakon in yi bayani sai na buɗe gwangwani, na ɗauki ƙugiya na maƙale ta a tsagin tabarma, na zare jan zaren siliki daga bakin mayafina, na ɗaura ƙuda a gabansu. Ƙulli bai yi gefe ba. Malam ya jujjuya shi a tafin hannu ya daɗe, sannan ya ce gashin da tsuntsu ya yar ba farauta ba ne, kamun kifi kuwa halal ne ko ga mai harama, saboda haka Inna ta koma kan tirenta gobe. Sai dai ya ƙara da murmushi cewa bai san kifin da zai bar abinci ya ci gashi ba. Zaure ya fashe da dariya, kuma wannan dariyar ta fi zargin yi wa Baba ciwo.

A gida ba a doke ni ba, abin da aka yanke ya fi duka. Baba ba ya iya ɗaga wa mahaifinsa murya, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya gaji da zama abin nuni. Asabar mai zuwa zai raka kayan ayarin alhazai na ƙarshe zuwa Jidda a mota, zai tafi da mu biyu mu kwana gidan ƙanwarsa. Za a ba mu safiya ɗaya a bakin teku. In gashi ya kama kifi, shi da kansa zai riƙa nemo mana izga. In bai kama ba, gwangwanin zai kwana a ƙasan teku, halas, an gama, kada a sake jin zancen. Na zaci Kaka zai ƙi. Sai ya ce ya yarda, don shekara goma sha tara rabonsa da jin warin ruwa. Da na ji haka ne na gane cewa shi ba gardamar ce ta dame shi ba. Ni ce mai gardama, kuma in na faɗi, abin da ya rage masa na Kabi da Nilu ni zan jawo a zubar.

Ban taɓa ganin teku ba sai ran nan. Na tsaya na kasa rufe baki, ina tunanin garwa nawa Ammi Sule zai yi kafin ya kwashe wannan. Bayan sallar asuba muka bi gaɓa zuwa inda ruwa bai wuce gwiwa ba, nesa da jiragen alhazai. Kaka ya tuɓe takalmi ya shiga har idon sawu, ya ɗebo ruwan ya shafa a fuska. Baba ya zauna a kan dutse da gwangwani a cinyarsa. Ni kuwa ko shawara ban nema ba, na ɗaura ƙudana na tantabara mai jan siliki, wanda na sha wuya a kansa a gaban unguwa. Jifa ta yi kyau, har da cikakkiyar Bismillahi. Ƙuda ya sauka a hankali, yana ƙyalli, ya yi ta yawo a saman ruwa. Babu abin da ya kula shi. Na jefa dama, na jefa hagu, na shiga har cinya, rana ta ɗaga ta fara cizon ƙeya. Wasu masunta biyu da ke gyaran taru suka daina aiki suna kallona suna magana ƙasa-ƙasa. Na ga Baba ya dubi inuwarsa sau biyu, don motar komawa ba ta jiran kowa.

"Uwargida, mi kika gani cikin ruwan?" in ji Kaka.

Na ce ban ga komai ba. Ya ce in daina kallon ƙudana in kalli ruwa. Da na kalla sai na ga wasu 'yan kifaye farare, ba su kai tsawon yatsa ba, suna tafiya a gungu, can sai su watse su yi tsalle kamar an watsa tsakuwa, wani abu yana korarsu daga ƙasa. Na gaya masa. Ya tambaye ni ko na ga fara, ko shinge, ko wani abu mai jan wuya. Na san abin da yake nufi, kuma raina ya ƙi. A ce gashin da na tsaya a zaure saboda shi, wanda Inna ta yi kuka a kansa, shi zan cire in ɗaura wannan farin abu mai kama da tsumma? Na yi kunnen uwar shegu na sake jefa nawa har sau biyar. Kaka ya tsaya dai a cikin ruwa da rigarsa a jiƙe yana jira. Na yi gardama da Gwaggo Asabe, na yi da Baba, na yi da zaure guda, amma wadda ta fi wuya ita ce wadda na yi da kaina a wannan gaɓa. Na taka zuwa wurin Baba, na ce ya buɗe gwangwani, na ciro farin da haƙorana a cije.

Kaka ya ce wannan ba a barinsa ya yi yawo, jefawa ake yi gaban gungun, a bari ya ɗan nutse, a riƙa fizgarsa kaɗan-kaɗan kamar ɗan kifin da ya ji ciwo. Jifa ta farko babu komai. A ta uku gorar ta lanƙwashe, wani abu ya fizge ni har na yi taga-taga. Na ja da baya a cikin ruwa har na isa inda Kaka yake, na kama hannunsa na ɗora a kan gorar. Da ya ji tana rawa sai fuskarsa ta sake, yatsun nan masu karkarwa suka tsaya cak. Shi ya yi ta sassautawa yana ja, ni ina gaya masa inda igiya ta nufa, har kifin ya gaji ya kwanta a gefe. Masuntan suka ce sunansa bayad. Bai wuce tsawon kamu ɗaya da rabi ba, amma ga farin gashi nan a gefen bakinsa, kowa ya gani. Baba ya shigo ruwa da takalminsa, ya ɗaga kifin ya duba bakin, ya sake dubawa. Bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya dai rufe gwangwanin ya sa wa Kaka a aljihu da hannunsa.

Ƙanwar Baba ta so ta soya kifin a nan, na ce ko kusa. Aka fede shi aka cika shi da gishiri, na riƙe shi a cinya har Makka. Da muka iso Tandabawi ban shiga gida ba. Na rataye shi a bakin gorar, ƙudan yana maƙale a bakinsa, na bi lungu daga ƙasa har sama, na tsaya a ƙofar Gwaggo Asabe na gaishe ta da kyau, na tsaya a zauren Malam na gaishe shi. Malam ya ce gani ya kori ji. Inna ta yi miya da shi, gida goma sha suka ɗanɗana, Ammi Sule ya samu kan kifin saboda hularsa. Sunan Sarkin Ruwa bai bar Kaka ba, amma daga ran nan in an faɗa ba a biyo shi da dariya. Baba ya cika alkawari, ya kawo izga daga wurin masu dawaki. Kaka bai sake komawa teku ba, don ya rasu kafin hajji ta kewayo.

Yanzu ina zaune a unguwar Shisha, nan cikin Makka, a bene na uku, ruwa yana zuwa ta famfo ba tare da kowa ya yi gumi ba. Lungun da na koyi jifa ko alamarsa ba na iya nunawa. Jikokina Larabci ya fi musu sauƙi a baki, kifi kuma a daskare suke saninsa, cikin leda. Wani daga cikinsu ya taɓa nuna mini hoton ƙudajen ƙarya na kanti, jere a akwati, kala-kala, ya tambaye ni wanne mai koyo zai fara saya. Na ce ya fara zuwa bakin ruwa ya zauna ya kalla, ya yi dariya ya ce Jadda, wato kaka a Larabci, ba ta gane tambayar ba. Na gane sarai. Gwangwanin yana nan a ƙasan akwatina, 'ya'yana sun yi sau uku suna neman zubar da shi in za a tashi gida, sau uku ina hanawa. Idanuna sun fara irin dushewar nasa, amma in na sa yatsa ina bambance su: nawa na tantabara yana nan lafiya lau kamar jiya aka ɗaura shi, na Kaka kuwa duk ya tsattsage. Wanda ya tsattsage ɗin shi ne kifi ya yarda da shi.